Kek Ɗin Biki Da Kayan Gara A Agege: Inda Kuɗin Ke Tafiya

AGEGE, Ikko — Kayan zaƙi iri biyu ne ke fitowa a bukukuwan auren Hausawa mazauna Ikko, ko a Zangon Agege ne, ko Idi-Araba, ko Obalende. Na farko shi ne wanda aka gada, watau alkaki da nakiya da dubulan da cincin, waɗanda dangin amarya kan haɗa da buhunan shinkafa da jarkokin mai su kai gidan ango a matsayin gara. Na biyu kuwa baƙo ne: kek mai hawa uku ko huɗu da akan girke a gaban ango da amarya a daren dina, su yanka, a ɗauki hoto. Kusan da kaya iri ɗaya ake yin su duka biyun, alkama da sukari da mai. Amma ta fuskar ciniki ba su haɗa hanya ba, domin alkaki kaya ne da ake ajiyewa makonni, a loda shi a mota daga Kano ya yi tafiyar kilomita 1,000 ya iso lafiya, alhali shi kek tafiyar kilomita 30 zuwa 40 daga Agege zuwa Lekki tana iya hallaka shi. Daga wannan bambanci ne za a fahimci farashin da iyayen amare ke kuka da shi.

Kamar yadda aka sani, fataucin goro ne ya fara zaunar da Hausawa a Agege, wadda a farkon ƙarni na 20 ƙasar gonakin goro da koko ce. Hanyar jirgin ƙasa da aka buɗe tsakanin Ikko da Badun a 1901 ta ratsa garin, kuma da aka fara zirga-zirga har Kano a 1912 sai zangon ya bunƙasa, daga baya cinikin shanu da mayankar Oko-Oba suka ƙara masa jama'a. Matan zangon sun zo da al'adar sana'ar cikin gida, inda mace kan dama fura ko ta soya ƙosai ko ta murɗa alkaki ba tare da ta fita kasuwa ba. Gashin kek ya shiga wannan tsari ba tare da wata wahala ba. Abin da ya sauya shi ne talla: hoton da ake ɗorawa a WhatsApp da Instagram ya karɓi aikin yarinya mai faranti.

Shi gashin fulawa ya daɗe a Ikko. Wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo aikin jirgin ƙasa a 1913, ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta a farkon shekarun 1920, kuma bayansa ne sana'ar ta yaɗu har sunan Agege ya zama sunan wani irin burodi da kowa ya sani a Nijeriya. Kek ɗin biki kuwa al'adar Ingila ce. Wanda aka yi a auren Sarauniya Biktoriya a watan Fabrairun 1840 ya kai nauyin kilo 130 da ɗoriya, an lulluɓe shi da farin sukari a zamanin da tataccen sukari alamar dukiya ne. Kiristocin Ikko ne suka fara ɗaukar al'adar, ba ta shigo bikin Hausawa sosai ba sai da dina ta samu gindin zama. Har yau ma ba kowane gida ne ke yi ba. Akwai iyaye da malamai da ke ganin dina da yankan kek kwaikwayo ne da ɓarnar dukiya, sun fi son a tsaya ga ɗaurin aure da walima. Saboda haka kasuwar babban kek a cikin zango ƙarama ce, kuma mai gashin da ke son ci gaba dole ta nemi ciniki wajen maƙwabta Yarabawa da sauran ƙabilu.

Daga Apapa ake yanke farashi

Kek na bota irin wanda aka saba da shi kusan awo ɗaya ake yi masa na abubuwa huɗu: fulawa, sukari, bota da ƙwai. Uku daga cikin huɗun nan farashinsu yana ɗaure da Dalar Amurka.

A fara da fulawa. Sama da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, kuma manyan injinan niƙan suna bakin tashar jiragen ruwa. Kamfanin Flour Mills of Nigeria, mai fulawar Golden Penny, an kafa shi a 1960, ya fara niƙa a Apapa a 1962. Kamfanin Olam ya sayi Crown Flour Mill a 2010, sa'an nan ya sayi Dangote Flour Mills a 2019, shi kuma Flour Mills ya karɓe Honeywell a 2022. Ma'anar wannan ita ce masu sayarwa ƙalilan ne, masu saye kuwa dubbai, kuma a irin wannan kasuwa mai sayen kwano biyar ba ta da bakin ciniki. Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1985 masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafinsu mai suna The Wheat Trap, watau tarkon alkama, inda suka bayyana yadda ƙasar ta saba da abincin da ba ta iya nomawa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama daga watan Janairun 1987 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, aka zuba kuɗi a noman rani a Kano da sauran jihohin Arewa, amma abin da aka noma bai kusa cike giɓin ba, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, har aka janye haramcin a 1992.

Labarin sukari bai bambanta sosai ba. Ɗanyen sukari ake jigilowa, galibi daga Barazil, a tace shi a matatun Dangote da BUA da Golden Sugar da ke Apapa. Akwai gonakin rake a Numan da Sunti da Bacita da Lafiagi, akwai kuma babban tsarin bunƙasa sukari da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 2012, sai dai abin da ake nomawa a gida ɗan kaɗan ne bisa abin da ake sha. Botar madara ta ainihi kuwa tsadarta ta sa yawancin masu gashi sun koma ga majarin da ake yi da tataccen manja, wanda shi ma da yawansa na waje ne. Majarin yana cikin jerin kayayyaki 41 da Babban Bankin Nijeriya ya hana wa kuɗin musaya a watan Yunin 2015, hanin da ba a ɗage ba sai a watan Oktoban 2023. Ƙwai ne kaɗai na gida, daga gonakin kaji na jihohin Ogun da Oyo da gefen Ikko, kuma shi ma farashinsa yana bin farashin masara da waken soya da ake kawowa daga Arewa.

Da wannan a zuciya, sai a dubi abin da ya faru cikin shekaru uku. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, har masu gidajen burodi a Nijeriya suka dakatar da aiki na wasu kwanaki a watan Yulin wannan shekara. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai wajen Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ake saye wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, abin da ya sa a watan Yulin shekarar gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da alkama da wasu hatsi na kwana 150.

Kafin alƙalami

Mai sayar da burodi yau yake saye, yau yake gasawa, gobe ya ƙara farashi in ta kama. Mai kek ɗin biki ba ta da wannan dama, domin akan yi cinikin ne wata biyu ko uku kafin ranar, a tsayar da farashi, a ba da kafin alƙalami. A nan ne hauhawar farashi ke cin ribarta a ɓoye.

Alal misali kawai, a ɗauka an yi cinikin kek a kan Naira 100,000, kayan haɗi za su ci Naira 60,000, gas da dako da sauran hidima Naira 20,000, ribar da take sa rai Naira 20,000. Hauhawar kashi 40 cikin 100 a shekara daidai take da kusan kashi 3 cikin 100 a kowane wata. Cikin wata uku kayan Naira 60,000 sun ƙaru da fiye da Naira 5,000, watau sama da rubu'in ribar ya tafi tun ba a kunna tanda ba. Ba ta kuma da halin komawa ta ce a ƙara, musamman a zango inda uwar amarya maƙwabciya ce ko 'yar uwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Masu dabara a cikinsu sun koyi abin da manyan kamfanoni ke yi da sunaye masu wuyar faɗa. Suna neman rabin kuɗi ko fiye tun farko, su sayi fulawa da sukari da majarin a ranar su ajiye, su kuma faɗa wa mai tambaya cewa farashin da aka ba shi na mako ɗaya ne ko biyu. Ƙwai ne ba ya ajiyuwa, dole a saye shi a farashin makon bikin. Iyayen da ke ganin neman babban kafin alƙalami rashin yarda ne sun yi wa abin gurguwar fahimta, domin a lokacin hauhawar farashi wanda ya biya da wuri shi ne ya sayi kayansa da araha.

Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanta ga mai yi wa Musulmi aiki. Kek ɗin biki na asali irin na Ingila mai busassun 'ya'yan itatuwa ne da ake jiƙawa da barasa, kuma barasar ce ke sa ya yi watanni bai lalace ba. Mai yin irinsa tana iya gasa na bukukuwan Disamba tun a Oktoba. Musulmi ba ya karɓar wannan, saboda haka dole a gasa nasa kwana biyu ko uku kafin biki. Sakamakon haka aikin ba ya rarrabuwa a kan watanni. A lokutan da aure ke yawa, watau gab da azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, girman tandarta ne ke yanke mata yawan aikin da za ta karɓa, komai yawan masu nema. Wadda ke gashi a tukunya da yashi a kan gas ba za ta wuce kek ɗaya ko biyu a mako ba. Daɗin daɗawa, shimfiɗar sukarin da ake lulluɓe kek da ita, wadda masu sana'ar ke kira fondan, wani lokaci da jelatin ake haɗa ta, kuma mai kiyaye halal sai ta bincika daga wace dabba aka samo shi.

Zafi, wuta da hanya

Bota tana fara narkewa ne idan zafi ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma rana a Ikko a watannin Fabrairu da Maris tana kaiwa nan. Kek ɗin da aka shafe da kirim ɗin bota yana buƙatar sanyi tun daga kicin har zauren taro. Fondan ya fi jure zafi, shi ya sa ya mamaye bukukuwan Ikko duk da cewa mutane da yawa ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Amma shi kuma laima ce abokiyar gabarsa: in aka fito da shi daga firji zuwa iskar damina sai ya yi gumi, launi ya zuba. Ke nan abin da ake buƙata shi ne ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ba firji kaɗai ba, kuma wannan yana nufin wutar lantarki ko janareta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga unguwannin rukunin farko, masu samun awa 20 a rana, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya. Wadda layinta ke rukunin tana biyan wuta mai tsada, wadda ba ta ciki tana sayen fetur. Ko ta ina, kuɗin sanyi yana shiga farashin kek, ko da yake ba a rubuta shi a rasit.

Jigila ita ce inda ake yin asarar da ba ta da magani. Kek mai hawa uku yana iya kai nauyin kilo 10 ko fiye, kuma ba kek ne ke ɗauke da kek ba: kowane hawa yana zaune a kan faifan kwali ko katako, an soka sanduna a cikin na ƙasa domin su tallafe shi. Ƙwararru ba sa ɗaukarsa a haɗe. Kowane hawa da kwalinsa, a shimfiɗe a ƙasan mota ko a bayanta inda ya miƙe, ba a kan kujera ba domin kujera a karkace take, sa'an nan a je zauren a haɗa, a gyara inda ya goge. Wannan ya sa mai kek takan tafi da kanta da 'yar jakar kayan gyara, kuma yinin nan nata yana cikin farashi.

Keke Napep da acaɓa ba su da amfani a wannan aiki, ga shi kuma tun 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Eti-Osa da wasu, inda manyan zaurukan taro suke. Dole sai motar haya mai sanyi. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a watan Maris na 2021 ta rage cunkoson tsakiyar Agege, amma mai zuwa tsibiri galibi takan bi ta Oshodi ko Ojota ta hau Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, kuma Asabar ita ce ranar da duk Ikko ke biki a lokaci guda. Lokacin da aka rufe sassan gadar domin gyara a 2020 da kuma farkon 2024, tafiyar awa ɗaya takan zama ta awa uku. Kowane birki na gaggawa a gosulo, kowane rami da ruwan sama ya ɓoye, caca ce da aikin kwana uku.

To, wa ke ɗaukar asara in kek ya faɗi? Ba al'ada ba ce a yi masa inshora. Abin da aka fi bi shi ne, in mai gashi ce ta kai, nauyin yana kanta har sai ta girke shi a tebur ta ɗauki hoto ta aika wa masu biki. In kuwa dangi suka ce za su aiko yaro ya ɗauka domin a rage kuɗin dako, daga bakin ƙofa nauyi ya koma kansu. A ganina a nan ne iyaye suka fi yin tsimin da bai dace ba, domin kuɗin dakon da suke gudu kaɗan ne bisa abin da suke jefawa cikin haɗari, kuma ba a gasa wani cikin awa biyu.

Yanka da rabo

Lissafin masu sana'ar shi ne kowane baƙo zai samu yanki mai faɗin inci 1 da tsawon inci 2. A kan haka, hawa mai faɗin inci 10 yana ba da yanka wajen 38, mai inci 8 yana ba da 24, mai inci 6 yana ba da 12. Kek mai hawa uku ke nan bai wuce cin mutum 70 da 'yan kai ba. Bikin Bahaushe kuwa ba a ƙidaya masa baƙi da kati. Dangi daga Kano da Katsina, abokan kasuwa daga Mile 12 da Alaba Rago, ga 'yan gayyar soɗi, ɗaruruwa ne.

Kasuwa ta warware wannan ta hanyar raba aikin kek gida biyu, na gani da na ci. Wanda ke kan tebur mai hawa biyar, sau da yawa hawa ɗaya ne kawai na gaskiya, inda wuƙa za ta shiga. Sauran farin kumfa ne irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, an lulluɓe shi da fondan. Wanda za a ci kuwa a faffaɗan tire ake gasa shi ba ado, a yayyanka a bayan fage, ko kuma a yi ƙananan kek a ƙunsa tare da cincin da nama a raba. Wasu na ganin wannan yaudara ce. Ta fuskar tattali kuwa shi ne mafi hankali a cikin harkar duka, muddin an gaya wa mai biya gaskiya: kumfa ba ta narkewa, ba ta da nauyi, ana iya yi mata ado mako guda kafin biki, kuma ana iya sake amfani da ita. Sai dai ragin farashin ba ya kai yadda ake zato, domin awoyin da ake ɓatawa wajen ado ɗaya ne. Kwanon rabo ma ya ƙara kuɗi, tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta haramta kwanukan abinci na kumfa a watan Janairun 2024, aka koma ga kwali da roba mai kauri.

Ga mace mai ƙaramin jari a zango, ribar da ta fi tabbas tana wajen gara da kayan rabo. Alkaki tsakin alkama ne da ake kwaɓawa a bar shi ya yi tsami, a murɗa, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Nakiya garin shinkafa ce da man shanu da zuma ko sukari da kayan yaji, kuma tana yin watanni ba ta ɓaci ba. Suya da sukari su ne firjinsu. Ana yin su a hankali kafin biki, a zuba a bokitai da kwalla, a ɗora a Keke Napep ba fargaba, kuma da ƙidaya ko da bokiti ake cinikinsu, don haka in kaya sun yi tsada sai a rage adadi, abin da ba ya yiwuwa da kek mai hawa. Amma wannan juriya tasu tana da nata sakamakon: tun da suna jure tafiya, mai alkaki a Agege tana gasa ne da mai alkaki a Kano, inda alkama da man shanu da ladan aiki suka fi araha, kuma iyalai da dama daga can suke sa a yi musu a aiko ta motar haya. Mai kek kuwa raunin kayanta ne ke tsare mata kasuwa, domin ba mai aiko mata da kishiya daga nesa.

Ita alkamar alkaki ta gida ce, daga filayen noman rani na Kadawa da kwarin Haɗeja, inda ake shuka a Nuwamba a girbe a Maris da Afrilu. A watan Nuwamban 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani sabon shirin noman alkama na rani a Jihar Jigawa. Buhunan da ke gangarowa Ikko daga can sukan yi kiciɓis a hanyar Badun da tireloli masu ɗauke da fulawar Apapa zuwa kasuwar Singa ta Kano.